Turaku Uku a Gindin Jinga

Tun da na dawo daga ƙasar Haɗeja ban taɓa zama a majalisarmu ta ƙofar shagon tela ba tare da wani ya ce, "Lawal, ba mu labarin ruwa." Ni kuma na yi ta ba ku. Ranar farko na ce na tsallake kogi da iyo. Washegari na ƙara da cewa tef ɗin awo yana bakina. Kafin Juma'a ta zagayo har kada ya shigo labarin, alhali ko jelar kada ban gani ba. Allah ya yafe mini. Ƙaryar ta yi tsawon da ni kaina ba na tuna inda na tsaya jiya, shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in faɗi yadda abin ya faru. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda bai san aikina ba, shekara goma sha shida ke nan ina bin Oga Bitrus, safiyo ne mutumin Kagoro. Shi ke leƙa na'urar awo ya yi lissafi. Ni ke jan tef, in kafa turaku, in shafa musu jan fenti. Aikin da ya fi kowanne son hankali shi ne fitar da kwana. Hanya miƙaƙƙiya ta taho daga nan, wata ta taho daga can, sai a haɗa su da lanƙwasa mai santsi kamar bakin ƙwarya, a kafa turke duk bayan mita ashirin. Mai katafila bai san lissafi ba, kuma ba ruwansa da shi. Jan fenti yake bi. Inda turke ya tsaya nan ne tsakiyar titi, daga nan wuƙarsa za ta ci mita shida dama, mita shida hagu, ko me ta tarar.

Wani ɗan kwangila ne ya ɗauki Oga aikin titin burji zuwa wani ƙauye a fadamar Auyo, don motoci su riƙa shiga ɗaukar shinkafa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, dariyar da suka yi mini ta isa haka. Oga ya yi gaba da na'ura, ya ce in biyo shi da ɗaurin turaku biyu, da guduma, da gwangwanin fenti, da ƙafafun nan uku da ake ɗora na'urar a kai.

Da zan fita, Hajara matata ta miƙo mini ƙullin ƙuliƙuli, ta ce, "Malam, an ce garin duk ruwa ne. Da ka sauka ka gaya musu ba ka iya ruwa ba."

Na ce, "Wa ya ce miki ban iya ba?"

Ta ce, "Ni da na ga yadda ka yi ranar da kwata ta cika a ƙofar gida?"

Na ɗauki kayana na fita.

Daga Katsina zuwa Kano ba abin da ya faru sai barci. A Kano na sake mota. Ɗan kamasho ya dubi turakuna ya ce itacen girki ne, na ce kayan aikin injiniya ne, ya ce to itacen girkin injiniya ne, ya cusa su a bayan mota ya danne da gwiwa. A wannan dannawar ce murfin fenti ya ɗan buɗe. Ba mu sani ba sai bayan mun wuce Gezawa, da wata tsohuwa ta sauka ta jawo kwandon zakaranta, farin zakara ya fito rabinsa ja. Na fara ba ta haƙuri. Ta juya shi ta duba ta ce, "Bar shi ɗan nan. Yanzu ko cikin kaji ɗari ya shiga na san nawa."

Iyakar Kano da Jigawa ba ƙofa ba ce, allo ne kawai a gefen titi, sai shinge gaba kaɗan. Wanda ke tsaye a shingen ya buɗe bayan mota ya zaro turke ɗaya, ya taɓa tsininsa da yatsa.

"Na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Yaƙi za ka?"

Na ce awon titi za ni, na nuna masa ƙafafun na'ura. Nan take ya gyara hularsa ya ƙame ya ce in ɗauke shi hoto. Na ce kan na'urar yana wurin maigidana, kuma ma ba ta ɗaukar hoto. Ya ce duk haka muke cewa, mu wuce.

A Gujungu muka tsaya aka sha kankana. A nan wani mai jar hula da ke zaune bayana ya ji maganata, ya ɗaga murya ya ce, "Direba, ashe da Bakatsine a motar nan? Shi ya sa tun ɗazu take nishi." Motar duka ta kwashe da dariya. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Haɗejawa, amma a gida labarinsa kawai muke ji, don da wuya ka ga Bahaɗeje ɗaya a unguwa. Can kuwa ni kaɗai ne, su gari guda. Da taya ta fashe daf da Kaugama, kowa ya juyo ya dube ni. Har direba ya ce in sauko in riƙe masa jak tunda ni na jawo. Na riƙe. Muka yi azahar a wani masallaci na gefen titi, aka kawo mana ruwa a randa mai sanyi, ina kallon gonakin alkama sun yi jawur ana yanka, a lokacin da gonakinmu na gida ko akuya ba ta samun abin tsinka.

La'asar sakaliya muka shiga Haɗeja. Adaidaita ta kai ni gidan wani malamin makaranta ɗan garin su Oga, inda ya sauka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe aka kawo ɗumamensa da kifi. A wurinmu kifi baƙo ne, sai an yi albashi ake ganinsa. A can shi ne mai gida, nama ne ke zuwa gaisuwa. Da muka bi ta kasuwa sayen ƙusa na ga buhuna a jere ana lodi, na leƙa ɗaya ina zaton busasshen kifi ne, sai na ga ƙafafu. Kwaɗi ne, an busar, za a kai kudu. Mai kayan ya ga na ja da baya, ya ce, "Bakatsine, in ɗiba maka na ɗanɗano?" Ban san yadda aka yi ya gane ni ba, ko magana ban yi ba.

Daga Haɗeja muka hau babura biyu zuwa wajen Auyo, muka bar kwalta, muka bi kan kunyoyi tsakanin gonakin shinkafa, har muka iso bakin wani reshen kogi. Titin da za a yi ta ɗaya gefen zai shigo ƙauyen, katafila ma ta can za ta zagayo, amma mu wannan ce gajerar hanya. Ina tsammanin a nan za mu sallami masu babura, sai na ga an tura baburan cikin kwalekwale kamar tumaki, aka ɗora buhunan taki, mutum takwas suka shiga, aka ce saura mu.

Mai fito ya ce, "Bakatsine, ka iya ruwa? In san inda zan zaunar da kai."

A nan ya kamata in bi maganar Hajara. Sai na ji bakina ya ce, "Ni? A dam ɗin Jibiya nake wankan safe."

Ya ce, "Madalla, zauna a baki."

Ya zaunar da ni a gefen da ruwa bai fi yatsa huɗu da shigowa ba. Na rungume ƙafafun na'ura, na karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo, har da addu'ar shiga kasuwa. Oga Bitrus yana kallona ta gefen ido.

A ƙauyen an sauke mu a gidan Baba Haladu, dattijo dogo mai farin gemu, wanda gidansa ne na farko in ka shigo ta gefen kogi. Da Oga ya ce masa daga Katsina nake, ya tafa hannu ya kira matarsa ta bayan zana. "Iya! Allah ya kawo mana bawa har gida. A ba shi kan tarwaɗa, kada ya saba da tsoka."

Na ce, "Baba, mu ne iyayen gidanku, zuwa na yi duba talakawana."

Ya ce, "To maigida, ga tabarma, ga sauro, duk naka ne."

Kafin mu fara aiki ya zagaya da mu ya nuna mana jinga. Ku da ba ku taɓa gani ba, tudun ƙasa ne dogo kamar ganuwa, ya fi mutum tsayi, ya kewaye ƙauyen ta gefen kogi. Mu a gida roƙon ruwa muke yi, su kuwa gini suke yi su tare shi. Duk shekara kafin damina Baba Haladu ke kiran gayya, maza su haƙo ƙasa, a cika buhuna, a ɗora a daddale. Wurin da suke haƙar ƙasar ya zama dogon kududdufi a wajen jingar, kacala ta cika shi, wato doguwar ciyawar nan ta ruwa da ta fi mutum tsayi. Tsakanin kududdufin da gindin jinga akwai ɗan busasshen fili, bai fi mita huɗu ba.

Baba ya kai mu bangon ɗakinsa ya nuna wani layi daidai ƙirjina, inda launin ƙasar ya sauya. Ya ce, "Shekarar da jinga ta ɓalle, nan ruwa ya tsaya. Ɓera ne ya yi rami a gindinta, rami ɗaya. A jirgi muka kwashe tukwanen Iya. Rumbu biyu na tsaya ina kallo suka narke." Ya juya wajen Oga. "Injiniya, titi muna so, mun gaji da ɗaukar buhu a ka. Abu ɗaya na roƙe ka. Kada ƙarfe ya taɓa gindin jingar nan."

Oga ya buɗe takardarsa ya nuna masa. Titin zai lanƙwasa ya zagaye jingar ta waje, tsakiyarsa ta bi ta cikin kududdufin, a cike shi da burji. Ya ce, "Baba, bakin wuƙar katafila zai wuce ya bar mita uku tsakaninsa da jingarka. Na yi maka alkawari."

Ranar Litinin muka kafa turken farkon kwana, da na ƙarshenta, da inda miƙaƙƙun hanyoyin biyu suka haɗu. Aikin ya yi ta tsayawa saboda duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya gaban na'ura ya gyara riga. Wani har gida ya koma ya sako babbar riga. Ranar Talata da hantsi batirin na'ura ya mutu, na ajiya ma ya ƙi tashi, ƙauyen kuma ba wuta. Ga shi an ce katafila za ta iso Laraba da yamma. Oga ya zauna gindin bishiya ya yi lissafi, ya rubuta mini a takarda: ka bi miƙaƙƙen layi mita kaza, ka karkata gefen gari mita kaza, ka kafa. Turke goma sha ɗaya.

Ya ce, "Malam Lawal, ka yi irin wannan ya fi sau ɗari. Zan kwana Haɗeja in yi caji, gobe da azahar ina nan. Akwai matsala?"

Na ce, "Haba Oga."

Baba ya tafi duba komarsa ta kamun kifi, sai ni kaɗai. Ina maƙala zoben tef a ƙusa in ja. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, duk suka zauna lafiya. Ina waiwayowa na ga har wata mata ta ɗaure akuyarta a na biyu, na je na roƙe ta ta kwance. Da na zo na biyar, awo ya nuna tsakiyar kududdufi. Na shida ma haka, na bakwai ma haka. Na san da haka tun jiya, amma na yi ta gaya wa kaina wata dabara za ta zo.

Na naɗe wando na sa ƙafa ɗaya. Laka ta kama ta har ƙauri, ta ƙi saki. Wani abu baƙi ya taho yana lanƙwasa a ruwan, matsattsaku ne. Na fizge ƙafata na bar takalmin a ciki, har yau yana can.

Na zauna na yi shawara da zuciyata, ita kuma ta ba ni irin shawarar da ta saba. Ta ce turakunka gajeru ne, ko ka kafa ruwa zai shanye su. Ta ce mita biyar a cikin wannan uban fili, wa zai gani? Ban tuna layin da ke bangon Baba ba. Ko in ce na tuna, na kau da kai. Na zagaya ta busasshen filin nan na gindin jinga, na kafa na biyar da na shida da na bakwai a bakin ruwa, na daddale su, na shafa musu fenti har ya fi na sauran. Na ƙarasa ragowar huɗun daidai yadda takarda ta ce. Na koma nesa na hango, ido ya ce ba laifi. Na kira Oga a waya na ce, "Komai ya zauna."

Da yamma Iya ta aiko da tuwo da tarwaɗa, wannan karon tsoka ce zalla, ta ce a ba bawan gida ya sha aiki. Ita ce tarwaɗa mafi daɗi da aka taɓa ba ni, amma ko rabinta ban iya ci ba.

Laraba da safe, bayan mun sha koko, Baba ya ɗauko ƙullin zaren kamun kifi da karan dawa guda ɗaya da 'yar wuƙa. Ya ce, "Taso bawana, in ga aikin Katsinawa."

Na ce, "Baba, ai wannan aikin sai da na'ura."

Ya ce, "Shekara ashirin da biyu na yi ina leburan layin dogo a Malam Madori. Duk kwanar da ke tsakanin tasharmu da ta gaba, da zare muke duba ta. Riƙe nan."

Ya sa na riƙe bakin zaren a turke na ɗaya, ya ja ya ɗaure a na uku. Zaren ya miƙe, turke na biyu ya rage a waje da shi. Ya ɗora karan daga zaren zuwa turken, ya yi masa tsaga da wuƙa daidai wurin. Ya ce, "Ka gani? In kwana lafiyayya ce, duk turken da ka je, tazarar nan ɗaya ce. Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa." Muka matsa, daga na biyu zuwa na huɗu. Ya ɗora kara a na uku, ya faɗa kan tsagar daidai. Ya ce, "Kai, ashe Bakatsine na iya abin kirki."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Muka ja daga na uku zuwa na biyar. Ya ɗora kara a na huɗu. Kara ɗaya bai kai ba. Biyu ba su kai ba. Uku da rabi. Ya kwance zaren, muka ja daga na huɗu zuwa na shida. Wannan karon turke na biyar ma ba a waje yake ba, ya tsallaka ya koma cikin zaren.

Baba ya miƙe ya riƙe ƙugu. "Da layin dogo ne, a nan jirgi zai sauka ya sha ruwa."

Ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na ce, "Baba, awaki ne. Jiya ma na kama wata an ɗaure ta a turke."

Ya dafa turke na shida ya girgiza, ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Akuyar ta cire shi, ta ɗauko shi daga cikin ruwa, ta kafa shi a miƙe, ta daddale da guduma, ta ƙara masa fenti? Har uku a jere? In akwai irin wannan akuyar a garin nan, a nuna mini ita in ba ta 'yata."

Sannan ya tambaye ni mita nawa wuƙar katafila ke ci daga turke. Na ce shida. Ya ce in ja tef. Na maƙala a turke na shida na ja wajen gari. Mita huɗu, na iso gindin jinga. Biyar, na fara hawa. Shida, ina tsaye a cikin jikinta, buhunan gayyar bara a ƙarƙashin ƙafata. Baba ya hawo ya tsaya kusa da ni. Daga nan ana hango tsakar gidansa, Iya ta baza shinkafa a tabarma tana kora kaji.

Ya ce, "Nan wuƙar za ta ci?"

Na ce, "Nan, Baba."

Tun da na zo garin ban taɓa jin ya yi shiru ba sai a lokacin. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsuguna a kan jingar na gaya masa duka. Na ce ban iya ruwa ba, ban taɓa zuwa Jibiya ba, ni na kafa su da hannuna, kuma na gaya wa Oga komai ya zauna.

Ya daɗe yana kallona. Can sai gemunsa ya fara rawa, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. "Wannan ruwan? Wannan da Iya ke shiga ta yanko kacala ta yi shimfiɗar rumfa? Iyakarsa ƙirji! Ɗan banza, da ka faɗa mini jiya ai da na shiga na kafa maka, ko sallama ba sai ka yi wa ruwan ba." Ya share hawaye. "Amma yau kam kai za ka shiga. Fara kiran maigidanka."

Na kira. Na faɗa masa a tsaye, ban rage komai ba. Oga ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Takardar na hannunka?"

"Tana nan."

"Tef fa?"

"Yana nan."

"To me kake jira? Katafila ta taso tun safe."

Baba ya saro dogayen sandunan darbejiya uku, ya fiƙe su, don kansu ya fito saman ruwa. Ya kwaɓa garin taba da toka ya ce in shafe ƙafafuna saboda matsattsaku. Ya kawo ƙatuwar gorar da masunta ke kwanciya a kai su yi iyo, ya ce in rungume ta kamar amarya. Kafin in gama shiri labari ya zaga gari. Maza da mata suka hau kan jinga suka jeru, har mai babbar rigar nan. Mai fito ma ya bar jirginsa ya zo, yana cewa a matsa masa ya ga wankan safen Jibiya.

Na shiga da bisimilla. Laka ta kama ni, ruwa ya hau ciki, ya hau ƙirji, ya tsaya. Baba na gefe riƙe da bakin tef a kan miƙaƙƙen layi, yana karanto mini lamba daga takarda. Hannu ɗaya gora, hannu ɗaya sanda, guduma a rataye a wuya. Sau biyu na zame na sha ruwan, kowane karo jinga ta ɗauki sowa. Wata tsohuwa tana ta kiran, "Riƙe amaryarka, Bakatsine!" Na kafa na biyar. Na kafa na shida. Ina kan na bakwai na ji tsoron ya gaji ya bar ni, sai sanyi da haushin kaina.

A haka Oga ya same ni, ya sauko daga babur da na'ura a goye. Kai tsaye ya wuce bakin kududdufi. Ya kafa na'ura ya leƙa sandunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na shida ya matsa yatsa uku hagu, na matsar. Sauran ya ɗaga hannu. Baba bai yarda ba sai da ya shiga da kansa da zarensa da karansa, ya bi turaku tara na tsakiya. Kowanne ya faɗa kan tsaga. Na je da kaina na tumɓuke ukun nan na gindin jinga.

Ina zaune ana cire mini matsattsaku biyar da suka raina garin taba, Oga ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Tun a jirgi na ga ba ka iya ruwa ba. Na ce in bar ka da mutuncinka, shi ya sa na tambaye ka ko akwai matsala. Shekara goma sha shida, Malam Lawal. In ka ce mini ya zauna, ba na zuwa in duba."

Na ce, "Na tuba, Oga."

Ya ce, "Daga yau zan riƙa dubawa. Sai ranar da na gaji."

Har yanzu bai gaji ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan la'asar katafila ta iso. Garin duka ya tsaya a kan jinga ana kallo tana tura kacala da laka, tana bin jan fenti. Da ta wuce, Baba ya sauka ya karɓi tef a hannuna, ya auna daga sawun wuƙar zuwa gindin jinga. Mita uku har da ɗan ƙari. Ya miƙo mini karan nan mai tsaga ya ce, "Tafi da shi Katsina. In na'ura ta mutu, ga uwarta." Iya kuma ta cika mini kwali da busasshen kifi, shi ne wanda kuka ci a nan kuna ce mini jarumi, ni kuma ina gyaɗa kai.

Da na iso gida na ba Hajara labarin gaskiya tun daren farko, don ita ba a yi mata ƙarya ta zauna. Da na gama, sai ta tambaye ni ina ɗaya takalmin.

Yanzu ga dalilin da ya sa na rubuta wannan a makon nan. Ina so in ce tsoron Allah ne kaɗai, amma na yi alkawarin daina ƙari. Shekaranjiya Baba Haladu ya kira ni. Ya ce ruwan bana ya zo da ƙarfi, ya hau jinga har saura kamu biyu, ya kwana tara yana neman hanya, bai samu ba ya koma. Shinkafar Iya tana rumbu, motoci kuma har ƙofar gari. Na yi hamdala, na kashe waya na zauna na yi kuka kaɗan, ba na jin kunyar faɗa. Can ya sake kira ya ce ya manta, zai kawo kifi kasuwar Katsina, kuma ba zai koma ba sai ya ga inda bawansa yake zama da abokansa.

Ranar Asabar zai sauka. Ku share ƙofar shago, a samo tabarma mai kyau. In ya fara ba da labarin, nasa ne daidai. Don girman Allah kada wani ya tambaye shi zancen kada.